Zafi, Ƙura da Ƙofa Ɗaya: Halin da Zaurukan Lacca Ke Ciki a Jami'o'inmu

A shekarar 2012 gwamnatin tarayya ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda a lokacin yake shugabantar asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, ta ɗora masa aikin zagaya jami'o'in gwamnati ya gano abin da suke buƙata. Kwamitin ya leƙa jami'o'i 61, guda 27 na tarayya, 34 na jihohi. Ya tarar da ɗalibai sama da miliyan 1.2, malamai 37,504, da gadajen kwana da ba su ishi fiye da ɗalibi ɗaya cikin goma ba. Daga cikin ayyukan gini 701 da ya ƙirga, 163 an yi watsi da su, ciyawa ta rufe. Ya ga zaurukan lacca da aka cusa wa ninkin-ba-ninkin abin da aka gina su domin su ɗauka. Ya ga ɗakunan gwaje-gwaje inda ake ɗora sinadarai a kan risho saboda babu gas. Ya ga wuraren da ɗalibai ke shiga daji su yi bayan gida.

Wannan rahoto shi ne ƙashin bayan yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga a watan Yulin 2013, wanda bai ƙare ba sai Disamba, bayan gwamnati ta yi alkawarin zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. An biya kaso na farko, biliyan 200, sauran kuma aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kansu. Tun daga lokacin duk muhawarar ta koma kan kuɗi: nawa aka alkawarta, nawa aka saki, wa ya cinye. Muhawara ce mai kyau, amma ta danne wata tambaya da rahoton ya ajiye a fili. Waɗannan hotuna na cunkoso da risho da daji labarin lafiyar jikin mutane ne. Ɗalibin da ke cikin zauren nan huhu gare shi, da fata, da mafitsara. Kuma a yawancin jami'o'inmu, in ka tambayi wane ne aikinsa ya tabbatar cewa ɗakin da za a zauna awa biyu ba zai cutar da masu zama ba, za a yi ta tura ka daga ofis zuwa ofis har a tashi aiki.

Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu

Kwasa-kwasan bai-ɗaya na 'yan aji ɗaya su ne suka fi tara jama'a, domin tsangayoyi da dama ne ke haɗuwa a zaure guda. Tun kafin masu laccar da ta gabata su fito, na waje sun taru a bakin ƙofa, na ciki na neman fita, na waje na neman kutsawa su kama wuri. Wanda ya samu kujera ya ajiye littafi a ta kusa da shi saboda abokinsa. Cikin minti biyar kujeru sun ƙare, sai a hau matakala, daga nan a cika hanyar tsakiya, na ƙarshe su jingina da bango ko su tsaya a waje suna leƙe ta taga. Waɗannan na tagar, ba da nufi ba, su ne ke toshe 'yar iskar da za ta shigo.

Fankokin sama suna nan, wasu fikafikansu sun lanƙwashe, amma babu wuta. Rufin kwano ya sha rana tun safe, silin ya ɗauki zafin yana sakowa, zauren ya koma kamar tanderun gidan burodi. Kowa na fifita da takarda. Malam yana ɗaga murya ba lasifika, bayan rabin awa muryar ta dushe. A layukan baya kawuna sun fara sunkuyawa. Malamin da bai lura ba zai ce lalaci ne ko rashin tarbiyya, alhali yawancinsu jikinsu ne ya gaza.

Akwai dalilai biyu a nan, kuma dukkansu ana iya auna su. Na farko iskar da muke fitarwa. Kowane numfashi yana fitar da iskar kabon dayoksaid. A waje yawanta kusan kashi 420 ne cikin miliyan. Masana shigar iska a gine-gine sun daɗe suna ɗaukar kashi 1,000 a matsayin alamar cewa ɗaki ya fara rasa sabuwar iska. Zauren da aka cika maƙil aka kuma toshe tagoginsa yakan zarce wannan cikin ɗan lokaci. Sakamakon shi ne nauyin kai, hamma, da gyangyaɗi. Wani bincike da masana a Jami'ar Harvard suka wallafa a 2015 ya nuna cewa ƙwazon mutane wajen tunani da yanke shawara yana raguwa sosai idan wannan iska ta taru a ɗaki. Abin da ya fi wannan muhimmanci, yawanta manuniya ce cewa kowa yana shaƙar abin da ya fito daga ƙirjin na kusa da shi.

Na biyu zafin kansa. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya bi sakamakon jarrabawar ɗalibai kusan miliyan 10 a Amurka, ya gano cewa ƙarin digiri ɗaya na ma'aunin Faranhait a tsawon shekarar karatu yana rage kusan kashi 1 cikin 100 na abin da ɗalibi zai koya a shekarar, in dai ajin ba shi da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan a ƙasar da zafin yawancin yankunanta bai kama ƙafar na Sakkwato ko Maiduguri ba, inda wuce digiri 40 na ma'aunin Salshiyos a watan Afrilu ba labari ba ne. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya karɓi gawa 102 cikin kwana huɗu. Zafin nan ya faɗo a ƙarshen watan azumi. A 2023 da 2024 azumi ya zo ne a Maris da Afrilu, wato a irin wannan shekara ɗalibin da ke zaune a matakala ƙarfe biyu na rana, mai yiwuwa rabonsa da ruwa tun sahur. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da gargaɗin tsananin zafi a kowace bazara. Ya kamata wannan gargaɗi ya riƙa isa teburin kwamitin da ke tsara jadawalin lacca, ya kuma canja wani abu a cikinsa.

Wani zai ce ai zafi ba yau aka fara shi ba, kakanninmu ma a cikinsa suka yi karatu. Gaskiya ne, amma ba a irin wannan gini ba. Wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama a Kano da tsakar rana, ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina, ya san abin da katanga mai kauri da rufi mai tsawo ke yi wa zafi. Ko magina jami'o'in farko sun san da haka. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zana Jami'ar Ibadan, sun yi amfani da bango mai huji-huji da baranda mai faɗi don iska ta ratsa gini daga wannan gefe zuwa wancan, rana kuma kada ta bugi taga kai-tsaye. Tsofaffin gine-gine da yawa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da wasu wurare a kan wannan tunani aka yi su. Tagar luba, wadda yanzu ake gani kamar tsohon yayi, in ka buɗe ta kusan dukkan faɗinta ne ke shigar da iska. Tagar alminiyon da ake turawa gefe, wadda ta cika sababbin gine-gine, rabinta kawai ke buɗuwa komai ƙoƙarinka. An zana waɗannan sababbin zauruka ne da zaton akwai na'urar sanyi da wuta ba yankewa. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar rukunin A fiye da sau uku, ya kai naira 225 kowane yunit, jami'o'i suka shiga kukan ba za su iya biya ba, wasu aka yanke musu. Tashar sola mai ƙarfin megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 ta nuna cewa akwai mafita, sai dai ba kowace jami'a ke da irinta ba. Tun ran gini ran zane: zauren da ba zai zaunu ba sai da wuta, a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, an yi kuskurensa tun a takarda.

Lokacin sanƙarau

In hunturu ya shigo, matsalar sai ta juya. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana sa a rufe tagogi. Masu asma sun san wannan lokaci. Amma babban abin tsoro shi ne sanƙarau.

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da likitoci ke kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Cutar tana tashi ne daga Disamba zuwa Yuni. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar da mutane da yawa ke ɗauke da ita ba tare da sun sani ba sai ta samu hanyar shiga jini. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa da kusantar juna na tsawon lokaci, ta fi kuma kama yara da matasa. A 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2017 wani nau'inta ya ɓarke daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da maƙwabta, ya kashe sama da mutum 1,000. A Maris na 2025 ta sake ɓulla a Kebbi, a yankunan Gwandu da Jega da Aliero, kuma cikin waɗanda suka rasu har da ɗaliban jami'ar jihar da ke Aliero.

Duk abin da wannan cuta ke so, ɗakin kwanan ɗalibai ya tanada. Ɗakin mutum huɗu yana ɗauke da takwas ko goma, domin wanda bai samu gado ba yana raɓe wajen ɗan garinsu, kuma ba wanda zai iya korar ɗan'uwansa ya kwana a waje. Katifu a ƙasa, taga a rufe saboda sanyi ko sauro, kofi ɗaya ana zagayawa da shi. Da safe waɗannan ɗalibai su tafi zauren da muka gani. Haka tarin fuka ke tafiya, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ɗauke da shi. Haka mashaƙo, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne maganin yana hannu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau, kuma an nufi 'yan shekara 1 zuwa 29 da ita. Kusan duk ɗaliban digirin farko suna cikin wannan rukuni. Kowane sabon ɗalibi dama sai ya bi layi a asibitin jami'a kafin a kammala masa rajista. A wurare da yawa wannan layi bai wuce cike fom da buga hatimi ba. Da jami'o'in da ke cikin zirin nan za su haɗa kai da hukumomin lafiya a matakin farko na jihohinsu, a mayar da layin wurin yin allura kafin hunturu, da an toshe babbar ƙofa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sannan a koya wa shugabannin ɗakunan kwana alamomin: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, ƙin haske. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana ɗaya. Ɗalibin da aka ba farasitamol aka ce ya kwanta zuwa safe, wani lokaci safiyar ta yi latti.

Ƙofar da aka sa wa kwado

Je ka kowane babban zaure ka ƙirga ƙofofinsa, sannan ka ƙirga waɗanda ke buɗe. Mai zanen ya sa huɗu ko shida. Ɗaya ce ko biyu ke aiki. Sauran an zarga musu sarƙa da kwado saboda ɓarayin fanka da wayar wuta, ko don masu sa ido a jarrabawa su iya tantance masu shiga, kuma tun daga ranar ba a sake buɗewa ba. Ka matsa kusa ka duba: kwadon ya yi tsatsa, an jibge karyayyun kujeru a bayan ƙofar, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakaninsu. Makullin yana hannun wani masinja da wataƙila ya yi ritaya. Tagogi kuwa duk an dasa musu ƙarfe. A jikin bango ga jar tukunyar kashe gobara, takardar jikinta ta nuna an yi shekaru ba a sake cika ta ba, allurar ma'auninta ta kwanta.

Ba sai wuta ta tashi ba kafin wannan ya zama bala'i. Wayar fanka ta yi tartsatsi, ko silin ya rufto, ko wani ya yi ihun ƙarya, a yankin da ya sha fama da hare-hare kowa zuciyarsa a kusa take. Mutum ɗari takwas su tasam ma ƙofa ɗaya, ga mutane zaune a kan matakala. A turmutsitsi ba tattakewa kaɗai ke kisa ba, matsi ne ke hana ƙirji buɗewa har numfashi ya ɗauke, mutum yana tsaye. A Maris na 2024 ɗalibai mata biyu sun rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi a turereniyar rabon shinkafa. Wannan a fili ne ma, ba cikin ɗaki ba.

Ƙofar zauren taro waje ya kamata ta riƙa buɗewa, ta yadda turin jama'a zai buɗe ta maimakon ya danne ta. Akwai irin makullin da ke hana shiga daga waje amma yana buɗewa da turi ɗaya daga ciki, don haka tsoron ɓarawo ba hujja ba ne. A Amurka, gobarar da ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Seton Hall a Janairun 2000 ta kashe ɗalibai uku ta jikkata sama da 50. Da yawa ba su fito da wuri ba saboda sun saba jin ƙararrawar gobara ta ƙarya. Cikin 'yan watanni jihar New Jersey ta yi dokar tilasta sa na'urar yayyafa ruwa a duk ɗakunan kwanan ɗalibai. Mu muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma ɗalibi zai shiga jami'a ya fita bai taɓa yin atisayen fita daga gini ko sau ɗaya ba, ga risho da hita da wayoyin da aka jona barkatai a kowane ɗaki.

Sai janareta. In za a yi jarrabawar kwamfuta ko karatun dare, akan ajiye shi a gindin taga ko ƙarƙashin matakala don kada a sace. Hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Ta sha shafe iyali guda a dare ɗaya a garuruwanmu.

Silin, sinadari da bayan gida

Gine-ginen da aka yi daga shekarun 1960 zuwa 1980, lokacin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da jami'o'in Sakkwato da Maiduguri a 1975, sun zo ne a zamanin da silin da rufin asbestos ke tashe a duniya. Muddin allon yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Idan ya fashe, ko aka huda shi, ko aka farfasa shi wajen gyara, sai ya saki zaruruwa da ido ba ya gani, su maƙale a huhu. Sankarar da suke haifarwa takan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Amurka ta haramta nau'insa na ƙarshe a 2024. A wurinmu, ɗan kwangila zai sa leburori su ɓamɓare tsohon silin da guduma ba ko ƙyalle a hanci, a zube tarkacen a bayan gini, washegari mai shara ta zo da tsintsiya ta tayar da ƙurar a busasshe. Ita da leburan ne suka fi kowa shaƙa, kuma su ne ba wanda ke lissafawa in ana maganar jama'ar jami'a. Jiƙa allon da ruwa, a cire shi ɗungurungum ba a fasa ba, a naɗe a binne, ba ya buƙatar biliyoyi. Yana buƙatar wanda ya sani, wanda kuma ɗan kwangila zai ji maganarsa.

A ɗakin gwaje-gwaje, akwatin da ke zuƙe tururin sinadari ya fitar waje ba ya aiki sai da wuta. In babu, ɗalibai hamsin ne za su shaƙa. Fomalin da ake adana gawa da shi a sashen nazarin jikin ɗan'adam, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa sankara tun 2004. Ragowar sinadarai kuma a kwatami ake tuttulewa, su bi ƙasa, a harabar da ke shan ruwan burtsatse. A Disambar 2008 wata matashiyar mai bincike, Sheri Sangji, ta ƙone a ɗakin gwaje-gwajen Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles lokacin da wani sinadari mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska ya zubo mata. Ba ta sanye da rigar kariya. Ta rasu bayan kwana 18. Masu gabatar da ƙara suka gurfanar da farfesan da ke kula da ita da hukumar jami'ar gaban kotu. Shari'ar ta girgiza jami'o'in Amurka, domin ta tabbatar da cewa horar da ɗalibi da ba shi kayan kariya nauyi ne da doka za ta tambaya.

Bayan gida kuwa shi ne abin da kowa ya sani kowa ke kunyar faɗa. Tsangaya mai ɗalibai dubbai, bandakunan da ke aiki an kulle su na malamai ne, na ɗalibai ba ruwa, tun daga nesa wari zai mayar da kai. Namiji ya zagaya bayan katanga. Mace fa? Ɗalibai mata da yawa sun koyi dabarar ƙin shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su kafin su koma ɗaki da yamma. A haɗa wannan da zafin digiri 40, a haɗa da kwanakin al'ada, a haɗa da mai juna biyu ko mai shayarwa, waɗanda ba su da kaɗan a jami'o'in Arewa. Ciwon mafitsara da suma a aji daga nan suke farawa. Iyaye da yawa sun sha gwagwarmaya da surutun dangi kafin su bar 'yarsu ta zo jami'a. Bai kamata abin da zai gallabe ta ya zama rashin wurin kama ruwa ba. Ga kuma masai da ya cika yana malala kusa da bututun ruwa da ya fashe, hanyar taifot da kwalara, ga jujin da ke bayan kantin abinci yana kiwon ɓeraye a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke dawowa kowane rani.

Aikin wa?

Ginin na sashen ayyuka ne. Jadawalin na wani kwamiti ne. Yawan ɗaliban da za a ɗauka, majalisar jami'a ce da hukumar jarrabawa ta JAMB da hukumar kula da jami'o'i ta NUC. Makulli na masu tsaro ne, ɗakin kwana na ofishin harkokin ɗalibai, mara lafiya na asibiti. Kowa yana riƙe da guntunsa, kuma kowa zai iya rantsewa ya yi nasa. Babu wanda aikinsa shi ne ya tsaya a tsakiyar zauren ya haɗa lissafin: kujeru nawa, mutane nawa, ƙofa nawa, iska nawa. Kuɗin TETFund, wanda harajinsa ya tashi daga kashi 2 zuwa 2.5, sannan 3 cikin 100 a 2023, ya tayar da gine-gine masu yawa, ba mai musun haka. Amma sabon gini ana yanke masa ƙyalle a kira 'yan jarida, gyaran famfo da cika tukunyar gobara kuwa daga ɗan kuɗin gudanarwa suke fitowa, wanda kuɗin wuta da dizal suka riga suka lashe. In tawagar NUC za ta zo tantance kwasa-kwasai, a yi fenti, a share, a buɗe bandaki. Duk wanda ya yi aiki a jami'a ya san tsawon ran wannan tsafta.

Manyanmu suna tuna dubagari, yadda shigowarsa unguwa ke sa a wanke randa a kwashe kwata, domin yana da ikon cin tara. Makarantar Koyon Tsafta ta Kano tana horar da irinsu tun 1932, dokar 2002 ta kafa hukumar rajistar jami'an lafiyar muhalli, kuma yau jami'o'inmu da kansu suna ba da digiri a wannan fanni. Wasu jami'o'in suna da sashen tsafta a ƙarƙashin asibitinsu, sai dai aikinsa ya tsaya ga feshin sauro da kwashe shara da duba masu sayar da abinci. Ba a ba shi hurumin shiga zauren lacca ba, balle ya ce wa shugaban tsangaya ba za a zauna a nan ba yau.

Wannan hurumin ne ya kamata a ba shi, a rubuce, daga majalisar gudanarwa, kuma rahotonsa ya riƙa zuwa teburin shugaban jami'a kai-tsaye ba ta hannun waɗanda yake bincika ba. Kafin kowane zango ya zagaya da ma'aunin zafi da na iska, waɗanda girmansu bai fi wayar hannu ba, ya gwada kowace ƙofa da hannunsa, ya liƙa takarda a bakin zaure mai ɗauke da adadin mutanen da zai ɗauka da ranar da aka duba. In ɗaliban kwas sun fi adadin, a raba su gida biyu, a biya malamin da ya yi lacca biyu haƙƙinsa. Daga Maris zuwa Mayu a janye manyan laccoci daga tsakar rana zuwa safiya. Ɗaliban fannin lafiyar muhalli da na injiniya da na zanen gini, waɗanda kullum ake nema musu wurin koyon aiki a waje, su ne za su riƙa ɗaukar awon a ƙarƙashinsa, sakamakon kuma a manna shi a allon sanarwa inda ƙungiyar ɗalibai da ta malamai za su gani.

Za a sami turjiya, kuma daga inda za ta fito a bayyane yake. Takardar da ta ce zaure na mutum 500 ne tana tona cewa an ɗauki ɗalibai fiye da ƙima, musamman a shirye-shiryen share fage da na wucin-gadi da jami'o'i ke samun kuɗin shiga da su. Shi ya sa bai kamata a bar wa jami'a ita kaɗai ba. NUC tana da ikon hana kwas izini saboda ƙarancin malamai masu digirin digirgir ko littattafai a laburare. Tana iya sa rahoton jami'in lafiyar muhalli na shekara uku a jere cikin takardun da za ta nema, ta kuma riƙa aiko da masu dubawa ba sanarwa, a tsakiyar zango, a watan Afrilu.